Kwatanta Makarantun Firamare na Gwamnati a Birnin Kudu da Gwaram: Tsakanin Sakamakon Jarrabawa da Yanayin Ɗalibai

A duk ƙarshen shekarar karatu, musamman idan aka fitar da sunayen yaran da suka samu gurbi a makarantun sakandare na kwana, muhawara takan taso tsakanin iyaye da malamai da masu unguwanni a kan wace makarantar firamare ce ta fi wata, kuma hukuncin da aka fi yankewa shi ne a makarantun cikin gari ake karatu, na ƙauye kuwa sunan makaranta kawai suka amsa. Wannan hukunci yana da ƙamshin gaskiya, domin bambancin a fili yake ga duk mai ido, sai dai ya cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe su, wato abin da yaro ya iya, da abin da makaranta ta koya masa, da kuma halin gidan da ya fito. Muddin ba a warware waɗannan uku ba, za a yi ta yabon makarantar da ta yi sa'ar ɗalibai, ana kuma aibata wadda ta yi aiki tuƙuru a kan yaran da suka zo mata hannu rabbana.

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram sun dace da wannan nazari ƙwarai. Dukansu suna kudancin Jihar Jigawa, a ƙarƙashin Masarautar Dutse, suna iyaka da Jihar Bauchi, kuma suna cikin ƙananan hukumomin da suka fi yawan jama'a a jihar, domin ƙidayar shekarar 2006 ta ba Birnin Kudu mutum sama da 300,000, Gwaram kuwa sama da 270,000. A cikin wannan yanki akwai gari mai tsohon tarihin karatun boko, da garuruwan kasuwa irin su Sara, da ƙauyukan manoma, da rugagen Fulani, kuma yawancinsu manhaja ɗaya aka ɗora wa makarantunsu.

Ma'anar kalmomin da ake amfani da su

Kalmar firamare aro ce daga Turanci, ma'anarta matakin farko, kuma ita ce ta maye gurbin elemantare da dattawa suka sani a zamanin En'e. A tsarin yau shekara shida ce, daga aji ɗaya zuwa aji shida, kuma a ƙa'ida yaro yana shiga ne yana ɗan shekara shida. Idan aka ce ta gwamnati, ana nufin wadda hukuma ta gina, take biyan malamanta, kuma doka ta hana a karɓi kuɗin karatu a cikinta.

Sakamako shi ne makin da yaro ya samu a wata jarrabawa a wata rana. Ƙwazon karatu ya fi wannan faɗi, domin yana nufin abin da yaro ya iya a zahiri na karatu da rubutu da lissafi, ko an jarraba shi ko ba a jarraba ba. Akwai kuma abu na uku da masana suke kira ƙarin da makaranta ta yi, wato tazarar da ke tsakanin inda yaro yake lokacin da makaranta ta karɓe shi da inda ya kai bayan shekara ɗaya ko biyu a hannunta. Wannan na uku shi ne ainihin aikin malami, kuma shi ne wanda ba a cika aunawa ba.

Yanayin ɗalibai kuwa shi ne abin da Turawa suke kira dimogirafi, wato bayanin rabe-raben jama'a ta fuskar shekaru da jinsi da harshe da sana'a da wadata da mazauni. A makaranta, yana nufin sanin yawan maza da mata, da shekarun da suka shiga aji ɗaya, da harshen da ake yi a gidajensu, da ko iyayensu sun iya karatu, da sana'ar da gidan yake ci da ita, da nisan da yaro yake takowa kowace safiya. Sai a lura da wasu kalmomi biyu da ake yawan ɗaukarsu abu ɗaya alhali sun sha bamban. Rajista littafin sunayen yaran da aka ɗauka ne, halarta kuwa yawan waɗanda suke zuwa aji ne a kowace rana, kuma a makarantun karkara tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita kaɗai ta isa ta rushe duk wani kwatancen da aka gina a kan rajista.

Yadda aka kai ga tsarin yau

Yawancin makarantun firamare na ƙauyukan Arewa sun samo asali ne daga shirin ilimin firamare na bai ɗaya, wanda aka fi sani da UPE, da aka ƙaddamar a shekarar 1976, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke cikin tsohuwar Jihar Kano. An buɗe makarantu da yawa cikin gaggawa, an ɗauki malamai cikin gaggawa, kuma abin da aka fi ƙirgawa a lokacin shi ne yawan yaran da aka rubuta. Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, ta gaji waɗannan makarantu da halin da suke ciki. A shekarar 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin tushe na bai ɗaya, wato UBE, a Sakkwato, sannan dokar shekarar 2004 ta mayar da karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta kuma tilas, ta kuma keɓe kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta kawo kwatankwacin abin da za a ba ta.

Daga wannan doka aka samu tsani mai hawa uku. A Abuja akwai hukumar UBEC, a Dutse akwai hukumar ilimin tushe ta jiha da ake kira SUBEB, a kowace ƙaramar hukuma kuma akwai hukumar ilimi da sakataren ilimi yake shugabanta, wadda ita ce ta fi kusa da hedimasta, wato shugaban makaranta. A gefen waɗannan akwai kwamitin kula da makaranta na al'umma, da ake taƙaita sunansa da SBMC, wanda ya ƙunshi wakilan iyaye da mata da masu sarauta da malaman addini. Duk shekara ana yin ƙidayar makarantu, inda ake tattara yawan ɗalibai maza da mata, da malamai da takardun shaidarsu, da azuzuwa da kujeru da banɗakuna da ruwan sha. Wannan ƙidaya tana da amfani matuƙa wajen sanin abin da aka zuba wa makaranta, amma ba ta tambayar ko yaron aji uku ya iya karanta jimla ɗaya, domin ba don haka aka tsara ta ba.

Da wane mudu ake awo?

Ma'aunin da ya fi kusa da iyaye shi ne jarrabawar ƙarshen zango, wadda malamin aji yake shiryawa, ya kuma duba da kansa, ya rubuta wa yaro na ɗaya ko na goma a takardar sakamako. Tana iya nuna matsayin yaro a cikin 'yan ajinsa, amma ba ta da amfani wajen gwada makaranta da makaranta, kamar yadda ba a gwada farashin gero a kasuwanni biyu sai an tabbatar mudun ɗaya ne. Maki 70 a wata makaranta a Kangire da maki 70 a wata a Basirka ba lallai su zama abu ɗaya ba, domin tambayoyin daban ne, hannun mai ba da makin daban ne, kuma yaron da ya zo na ɗaya a ajin da babu wanda ya iya karatu yana iya kasa karanta sunansa.

Ma'auni na biyu shi ne jarrabawar shiga sakandare, wadda jama'a suke kira kwaman intaras, ko dai ta ƙasa da hukumar NECO take shiryawa domin kwalejojin Gwamnatin Tarayya, ko kuma irin wadda jiha take yi domin zaɓen waɗanda za su shiga makarantun kwana da na masu hazaƙa, kamar makarantar Bamaina da aka kafa a ƙaramar hukumar Birnin Kudu a zamanin Gwamna Sule Lamido. A nan mudun ɗaya ne, amma ba kowa ake aunawa ba. Yaran da suke zama irin wannan jarrabawa zaɓaɓɓu ne, ko makaranta ta tsamo su ko iyayensu sun tsaya musu, saboda haka sakamakon yana ba da labarin 'yan ƙalilan da ke saman aji, ya yi shiru a kan sauran.

Akwai wata matsalar lissafi da ke ɓoye a nan, wadda misali zai fi fito da ita. A ƙaddara makarantu biyu kowacce ta ɗauki yara 100 a aji ɗaya. A ta farko 90 suka kai aji shida, 45 daga cikinsu suka ci jarrabawa, wato kashi 50 cikin ɗari. A ta biyu 20 kacal suka kai aji shida, 16 suka ci, wato kashi 80 cikin ɗari. Duk wanda ya dubi takarda zai ce ta biyu ce zakara, alhali daga yara 100 da aka damƙa wa kowacce, ta farko ta fitar da 45, ta biyu ta fitar da 16, ta kuma zubar da 80 a hanya. Makarantar da take riƙe yaro mai rauni har ya gama ita ce take shan kaye a jadawalin da aka jera makarantu bisa irin wannan lissafi.

Ma'auni na uku shi ne gwaje-gwajen da masu bincike suke yi. A shekarar 2014 an gudanar da gwajin karatu na azuzuwan farko, mai suna EGRA, da Hausa da Turanci a jihohin Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina, inda ake zaunar da yaro shi kaɗai a ba shi haruffa da gaɓoɓi da gajeren labari, a ƙirga abin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, kuma abin da aka gano shi ne mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Shirin ESSPIN da Gwamnatin Birtaniya ta tallafa a jihohi shida, ciki har da Jigawa, ya yi nasa gwajin a shekarun 2012 da 2014 da 2016 a kan 'yan aji biyu da aji huɗu. Binciken gida-gida na MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a faɗin Nijeriya kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 suke da tushen iya karatu. Waɗannan su ne ma'aunai mafi inganci, amma samfuri ake ɗauka, wato a zaɓi wasu makarantu ko gidaje su wakilci sauran, don haka suna iya ba da labarin jiha, ba sa iya cewa makarantar Kiyako ta fi ta Farin Dutse.

Yaran da ke zaune a cikin ajin

Garin Birnin Kudu ya daɗe da sanin boko. Kwalejin Gwamnati da ke garin ta yaye fitattun mutane, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote, akwai kuma babban asibitin Gwamnatin Tarayya da sakatariyar ƙaramar hukuma da suka tara ma'aikata, wanda hakan ya sa ake samun gidajen da kaka da uba da ɗa duk sun zauna a aji. Yaron irin wannan gida yana zuwa aji ɗaya ya riga ya san yadda ake riƙe fensir, ya ga yayyensa suna aikin gida, kuma idan malami ya yi fashi akwai wanda zai je ya tambayi dalili. Amma a nan ma akwai abin lura, domin a gari ne makarantun kuɗi suke, kuma su suke kwashe 'ya'yan masu hali, ta yadda makarantar gwamnati ta cikin gari takan ƙare da 'ya'yan talakawan gari cunkushe a aji ɗaya. Rabon makarantu zuwa na gari da na ƙauye kawai bai isa ya bayyana yanayin ɗalibansu ba.

A ƙauyuka, kalandar gona ta fi kalandar makaranta ƙarfi. Zango na uku yana faɗawa ne a lokacin shuka da noman fari, zango na farko kuma yana cin karo da kaka, lokacin da ake buƙatar kowane hannu wajen girbin gero da dawa da roron gyaɗa da wake da yankan riɗi. Ranar kasuwa ma ranar fashi ce ga yara da dama a garuruwan da kasuwa take ci da ƙauyukan da ke kewaye da su, maza suna dako ko tsaron kaya, mata suna talla. Idan damina ta yi nisa kuma rafuka suka cika, akwai unguwannin da hanyarsu zuwa makaranta takan yanke. Yaron da ya rasa kwana biyu a kowane mako, a shekara shida ya yi asarar abin da ya haura shekara biyu na karatu, kuma takardar jarrabawa ba ta da gurbin da ake rubuta wannan.

Harshe wani babi ne. Mafi yawan yaran yankin da Hausa suka tashi, amma akwai 'ya'yan Fulani da suke zuwa aji ɗaya da Fulatanci a bakinsu, akwai kuma Warjawa a ɓangaren iyakar Bauchi. Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun bugunta na farko a 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa kafin a koma Turanci. A Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa dukan shekaru shida na firamare, sannan a Nuwamba 2025 ministan ilimi ya sanar da janye wannan manufa da komawa Turanci. Duk inda aka tsaya a wannan ja-in-ja, jarrabawar da aka rubuta da Turanci tana auna abu biyu a lokaci ɗaya, wato sanin darasin da sanin Turancin, kuma ɗan ruga yana fuskantarta ne da harshensa na uku. Saboda irin wannan bambanci ne aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, kuma sa makarantar makiyaya a jadawali ɗaya da ta tsakiyar gari rashin adalci ne tun daga tushe.

Sai batun karatun allo. Kusan kowane yaro a wannan yanki yana zuwa makarantar allo ko Islamiyya, kuma da yawa sun iya haɗa baƙi da wasali na Larabci kafin su san haruffan boko, wanda wannan ilimi ne da babu jarrabawar firamare da take ƙirga shi. Wasu mazan kuma akan tura su almajirci wani gari bayan kaka, sunansu yana nan a rajista, su kuwa ba su nan. 'Yan mata sukan fara da yawa a aji ɗaya su riƙa raguwa yayin da ake hawa, saboda talla da aikin gida da shirin aure, da kuma rashin malamai mata da banɗaki a makarantu da dama na karkara. Makarantar da yawan 'yan matanta a aji shida ya yi kusa da na aji ɗaya ta yi wani aiki babba, ko da makinsu bai kai na wata ba.

Kan wannan duka sai a ɗora rabon malamai, wanda ba ya cikin yanayin ɗalibai amma yana tafiya tare da shi. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, wadda ake samu a kwalejoji irin ta Gumel. Sai dai sanannen abu ne a Arewa cewa malamai sun fi son zama kusa da gari, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya daɗewa a ƙauye, don haka yaran da suka fi buƙatar ƙwararren malami su ne suka fi rasa shi. Idan aka ɗora wa hedimastan da yake da malamai biyu a kan azuzuwa shida laifin faɗuwar ɗalibansa, an bar jaki ana dukan taiki.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu goyon bayan a jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe a kuma bayyana wa jama'a suna cewa kuɗin al'umma ake kashewa, don haka al'umma tana da haƙƙin sanin abin da ya fito, kuma kunya da gasa suna tayar da mai barci. Suna da hujja a tarihi. Ingila tana buga irin wannan jadawali tun shekarun 1990, yankin Wales kuwa ya daina buga na sakandare a 2001, kuma wani nazari da masana a Jami'ar Bristol suka yi ya nuna sakamakon Wales ya ja baya idan aka gwada da na Ingila bayan dainawar.

Masu adawa suna cewa da zarar an ɗora martabar makaranta da kujerar shugabanta a kan lamba ɗaya, za a fara yi wa lambar kwalliya a bar karatun. Kenya ta hana jera makarantu bisa sakamakon jarrabawar ƙasa a 2014, bayan ƙorafin cewa gasar tana haifar da satar amsa da tilasta wa yara masu rauni maimaita aji ko hana su zama jarrabawa. A birnin Atlanta na Amurka, kotu ta samu malamai da jami'an ilimi 11 da laifi a 2015 saboda gyara amsoshin ɗalibai domin cika adadin da aka gindaya musu. A wurin da sa ido bai yi ƙarfi ba, wannan haɗari ya fi girma.

A ƙarƙashin wannan saɓani akwai wata tambaya da ta fi zurfi, wato tsakanin gida da makaranta wanne ya fi tasiri. Rahoton Coleman na 1966 a Amurka ya gano cewa halin gidan yaro ya fi bambancin kayan aikin makarantu tasiri a kan sakamakonsa. Amma a 1983 wasu masana biyu, Heyneman da Loxley, sun nazarci ƙasashe 29 suka ga cewa a ƙasashe matalauta nauyin makaranta da malami ya fi yawa. Dalilin bai da wuyar ganewa, domin a gidan da babu littafi ko ɗaya kuma babu wanda ya yi boko, abin da malami bai koyar ba babu mai koyar da shi. Wannan ya sa bai halatta a mayar da talaucin ɗalibai abin fakewa ba. Yanayin ɗalibai yana bayyana dalilin da ya sa wata makaranta ta fara daga baya, amma ba ya wanke makarantar da yaro ya zauna a cikinta shekara uku yana zuwa kullum bai iya haɗa baƙi da wasali ba, musamman da yake rubutun Hausa na boko yana bin lafazi, abin da ake furtawa shi ake rubutawa, kuma koyonsa ya fi na Turanci sauƙi nesa ba kusa ba.

Ra'ayi na tsakiya, wanda ya fi dacewa da hankali, shi ne a kwatanta amma a gwada tsara da tsara. Ostireliya ta bi wannan hanya tun 2010, inda take ba kowace makaranta lamba bisa ilimi da sana'ar iyayen ɗalibanta da mazauninsu, sannan a dubi sakamakonta a gefen na masu irin ɗalibanta. Manomi bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin ba ya gwada damman gonar fadama da na gonar jigawa ya ce mai fadamar ya fi ƙwazo.

Abin da kowace hanya za ta haifar a yankin

Idan aka fitar da jadawalin sakamako tsurarsa a Birnin Kudu da Gwaram, abin da zai biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Iyayen gari masu zaɓi za su yi tururuwa zuwa makarantu biyu ko uku da suka yi suna har azuzuwansu su cika maƙil, malamai za su ƙara gudun makarantun da aka ce su ne kurar baya, shi kuwa mutumin ƙauyen da makaranta ɗaya ce tak a kusa da shi, jadawalin bai ba shi zaɓi ba, ya dai ba shi ƙarin hujjar tura yaro gona. Idan kuma aka ƙi kwatantawa sam, makarantar da ba a koyar da komai za ta ci gaba da ɓuya a bayan rajista mai cike da sunaye, malamin ƙauyen da yake ƙoƙari kuwa babu wanda zai san da shi.

Hanyar da ta rage ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A Indiya ƙungiyar Pratham tana gudanar da gwajin ASER tun 2005 da takarda mai shafi ɗaya, wadda take nuna ko yaro yana matakin harafi ne ko kalma ko sakin layi ko labari, kuma 'yan sa kai ne suke yin aikin. Irin wannan takarda da Hausa, idan aka yi amfani da ita ga 'yan aji uku a farkon shekara da ƙarshenta, kuma wani daga wajen makarantar ne ya yi gwajin, za ta nuna ƙarin da kowace makaranta ta yi. Sai a haɗa ta da ƙirgen halarta a ranar da ba a sanar ba, da yawan 'yan aji ɗaya da suka kai aji shida maza da mata, da yawan malaman da suke aji a zahiri, sannan a karkasa makarantu gida-gida, na tsakiyar gari da na garuruwan kasuwa da na ƙauyuka da na makiyaya, kowacce a gwada ta da tsararta. Amfanin farko na irin wannan bayani shi ne ya nuna wa sakataren ilimi inda zai tura malami da littafi, ya kuma nuna makarantar ƙauyen da ta fi takwarorinta domin a je a ga abin da take yi.

Kafin hukuma ta kai ga wannan, kwamitocin makarantu na al'umma suna da ikon neman waɗannan alƙaluma daga hedimasta a zamansu na zango, kuma ya kamata su nema. Uban da yake son sanin matsayin makarantar ɗansa kuwa, ya ajiye takardar sakamako a gefe, ya sa wanda ya iya karatu ya rubuta gajerun jimloli huɗu da Hausa, ya miƙa wa ɗan aji uku ya karanta masa da babbar murya.